Martani Ga Mai Cewa Itacen Da Ya Fara Ruɓa Bai Cancanci Gatari Ba

Wani malami daga cikin marubutan da nake girmama alƙalaminsu ya wallafa maƙala a kwanakin baya a kan itacen girki, inda ya yanke hukunci cewa duk itacen da ruɓa ta fara taɓawa bai cancanci a ɗaga masa gatari ba, balle a ɗora shi a ka ko a bayan jaki a kawo gida, har ya shawarci masu shiga daji da matan da ke tsaye a kan murhu da su bar shi inda suka same shi, su nemi lafiyayye, ko da kuwa sai an sare shi ɗanye an jira ya bushe. Hujjojin da ya kafa uku ne: cewa irin wannan itace ba shi da zafi kuma ba ya barin garwashi, cewa hayaƙinsa yana cutar da ƙirji da idanu, da kuma cewa wahalar sararsa da ɗaukarsa ta fi amfaninsa. La shakka malam ya yi maganarsa da kyakkyawar niyya, kuma a cikin kowace hujja tasa akwai ɓangaren gaskiya wanda zan bar masa. Amma da yake maganar ta shafi abincin talakawa da ran itatuwan da suka rage mana, kuma ta fito daga bakin wanda ake jin maganarsa, na ga ya wajaba in bayyana inda nake ganin hukuncin ya kauce, domin kada mai karatu ya ɗauke shi a dunƙule ya yi aiki da shi.

Tushen kuskuren, a ganina, shi ne malam ya ɗauki mas'ala mai tafsili ya ba ta hukunci guda, kamar dai ruɓa abu ɗaya ce wadda take faɗa wa itace dare ɗaya ta gama da shi. Alhali ruɓa aiki ne na wata irin fumfuna wadda take shiga itace idan ya sami laima, ta riƙa cin namansa sannu a hankali, wata da watanni, wani lokaci shekara da shekaru, kuma ba ta cin ko'ina daidai. Gungumen da ya faɗi ƙasa, daga gefen da ke kwance a kan danshi take fara kama shi, ta bi farin ɓangaren nan da ke ƙarƙashin ɓawo, ta daɗe tana fama kafin ta kai ga zuciya. Itacen da ke tsaye kuwa, sau da yawa ta wurin tsohon rauni ko karyayyen reshe take shiga, ta ci cikinsa ta bar masa kogo, bayansa yana nan da ƙarfinsa. Saboda haka idan aka ce itace ya fara ruɓa, ba a faɗi kome ba tukuna, sai an tambaya: wane itace ne, ta ina ruɓar ta shiga, kuma ina ta tsaya?

Masu faskare, waɗanda su ne ma'abota wannan ilimi ko da ba su rubuta shi a takarda ba, sun san martabobi uku. Na farko shi ne itacen da launinsa ya sauya, ya yi dabbare-dabbare ko ɓawonsa ya saki, amma idan aka buga shi da ƙeyar gatari sai ya amsa da ƙara, idan aka sare shi kuma sai ya tsage tsaf ya ba da faskare. Na biyu shi ne wanda bayansa ya yi laushi har farce yana shiga, gatari ya nutse kamar yatsa biyu ko uku kana ya ci karo da tauri. Na uku shi ne wanda ya gama, wanda idan ka ɗaga shi sai ka ji ba nauyi, idan ka matsa shi a tafin hannu sai ya marmashe, gatari ya shige shi ba tare da ya tsage ba. Malam ya kwatanta na ukun nan da kyau ƙwarai a maƙalarsa, kuma duk abin da ya faɗa a kansa haka yake. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda ya ɗauki sifar na uku ya yafa wa na farko da na biyu, alhali su ne mafi yawan abin da mai neman itace yake tararwa a daji da gefen gona.

Malamanmu na fiƙihu sun riga sun koya mana yadda ake hukunta abin da ɓarna ta shiga sashinsa, kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a zaure ya wuce ta kan mas'alar ɓeran da ya mutu a cikin mai. Idan man a daskare yake, sai a ɗebe mushen da abin da ke kewaye da shi a zubar, a ci sauran; idan kuwa narkakke ne, an hana cinsa duka, amma duk da haka an yarda a kunna fitila da shi a inda ba masallaci ba. Ka duba hikimar da ke nan, ɗan'uwa: an auna iyakar inda ɓarna ta kai, an yar da abin da ta taɓa, an riƙe abin da ya tsira, kuma wanda bai ciwu ba ma an nemo masa wata hanyar amfani don gudun tozarta dukiya. Ba ina cewa itace da mai hukuncinsu ɗaya a shari'a ba. Hanyar nazarin nake nufi, kuma ita ce na so in gani a maƙalar malam ban gani ba. Gungume daskararren abu ne, ruɓa ba ta gudana a cikinsa kamar yadda najasa ke gudana a cikin narkakken mai, don haka gizago ya isa ya raba tsakanin abin da ya lalace da abin da ya rage.

To, mu zo kan hujjarsa ta farko, watau rashin zafi. Abin da masana makamashi suka tabbatar shi ne, idan itace ya bushe sarai, zafin da ke cikin kilo guda nasa kusan ɗaya ne, ko na ƙirya ne ko na rimi. Abin da ya bambanta su shi ne nauyi, domin guntun ƙirya ya ninka guntun rimi mai girmansa a ma'auni, shi ya sa yake daɗewa a murhu ya bar garwashi. Ruɓa nauyin nan take ragewa, amma abin da ta bari yana ci kamar kowane itace. Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi shi ne, ƙarfin itace yana karyewa tun kafin nauyinsa ya ragu sosai, ta yadda gungumen da bai rasa ko kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba yana iya zama ya riga ya lalace ga masassaƙin da ke son turmi ko ƙotar fartanya, ko maginin da ke son abin da zai ɗauki rufin soro. Ina kyautata zaton a nan ne malam ya zame: ya ɗauki hukuncin masassaƙi ya ba mai girki, alhali mai girki ba ta neman itacen da zai ɗauki kaya, wanda zai ci wuta take nema.

Sa'an nan itatuwa ba jinsi ɗaya ba ne a gaban ruɓa. Ƙirya, wadda maƙera ba su haɗa gawayinta da na kowa, zuciyarta tana iya kwanciya a ƙasa shekaru, farin bayanta ya zube, gara ta lashe shi, ita kuwa tana nan ja wur, gatari yana tsalle a kanta. Haka tsohuwar bagaruwa da tsamiya, cikinsu yana jimiri bayan bayansu ya tafi. Marke, wanda mata suka sani da kyawun wuta, idan aka same shi a martaba ta farko ko ta biyu, har yanzu ya fi lafiyayyen itace mara nauyi amfani a murhu. Amma kuka, wadda ko da ranta namanta kamar soso yake, da rimi da dashi da makamantansu, idan ruɓa ta kama su ba a jimawa sun kai martaba ta uku, kuma a kansu ina tare da malam. Ka ga ke nan rabin gungumen ƙirya da aka fere ya fi cikakken ɗaurin wani itacen da ba abin da ya taɓa shi, kuma hukuncin da ya kasa rarrabe wannan da wancan bai isa a kira shi hukunci ba.

Har wanda ya yi sauƙin nauyi ma yana da muhallinsa, domin ba kowace wuta ake so ta daɗe ba. Mai dafa wake ko ganda, da mai tuƙa tuwon gidan biki, da mai gashin burodi, waɗannan suna bukatar itace mai garwashi, kuma ba wanda zai ba su shawarar su dogara da ruɓaɓɓe. Mai yin gawayi ma asara zai yi idan ya cika raminsa da shi. Amma mai dama kunun safe, da mai ɗumama ruwan alwala da na wanka a cikin hunturu, da almajiran da suka kewaye wutar tsangaya da allunansu, waɗanda haske suke nema fiye da garwashi, da makiyayin da ke turara hayaƙi da maraice don korar sauro da ƙuda daga garke, duk waɗannan itace mai saurin kamawa yana biya musu bukata. Matan karkara sun daɗe da sanin haɗa biyun: a tayar da wuta da mara nauyi tare da ƙirare, idan ta kama a tura mai nauyi guda ɗaya ya riƙe ta. Kowane guntun da aka ƙona a waɗannan ƙananan bukatu, guntun marke ne aka adana don babbar tukunya.

Hujja ta biyu, ta hayaƙi, ita ce mafi nauyi, kuma ba zan yi mata riƙon wasa ba, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda mafi yawanta daga wutar girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma mata da ƙananan yara su ne suka fi shaƙarta. Sai dai a tambaya: mene ne illar hayaƙin, ruɓa ce ko ruwa? Itacen da ruɓa ta buɗe wa ƙofofi yana shan ruwa fiye da lafiyayye, idan aka tura shi murhu da laimarsa sai wutar ta shagala da ƙafar da ruwan, zafinta ya faɗi, ta riƙa cin itacen rabi da rabi, abin da bai ƙone ba ya tashi ya zama hayaƙi. Wannan shi ne abin da malam ya gani, kuma da gaske ne. Amma abin da ke faruwa ke nan ga kowane jiƙaƙƙen itace, bal ma ɗanyen da ya ba da shawarar a saro, kusan rabin nauyinsa ruwa ne ranar da aka kayar da shi, kuma ba ya kyautata wuta sai ruwan ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Idan illa ta kasance laima, to maganinta shanya ce.

A nan ne kuma yanayin ƙasarmu yake shiga cikin hukunci. Maganar cewa ruɓaɓɓen itace ba ya bushewa ta fi dacewa da ƙasashen sanyi, inda ruwa da raɓa da ƙanƙara ba sa barin gungume ya huta, inda kuma daji yake da yalwa har mutum ya zaɓi wanda ya ga dama. Mu kuwa daga Kano zuwa Damagaram, daga Sakkwato zuwa Maraɗi, damina wata huɗu ce ko biyar, saura duk rani ne, kuma iskar hunturu tana busar da abu har leɓe ya tsage. Ƙofofin nan da suka sa itacen ya sha ruwa da sauri, su ne kuma suke sa ya sake shi da sauri idan an faskara shi an jera a rana. Fumfunar ma kanta ba ta aiki sai da laima, da zarar itace ya bushe sai ruɓar ta tsaya inda ta kai. Abin da ya rage wa mai gida shi ne ya tara shi tun da kaka da hunturu, ya kakkaɓe ƙasar da gara ta cusa masa, ya ɗora shi a kan duwatsu nesa da bangon ɗaki da gindin rumbu, ya rufa masa wani abu kafin ruwan farko ya sauka, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya bar shi a ƙasa har watan Agusta kana ya tura shi murhu, shi ya jawo wa iyalinsa hayaƙin.

Da malam ya karkata alƙalaminsa ga ainihin masu cutar da ƙirjin matanmu, da na kasance farkon mai mara masa baya. Akwai murhun duwatsu uku, wanda mafi yawan zafinsa yake tsere wa tukunya ta gefe, har masana suna ƙiyasta abin da ke isa gare ta da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai, shi ya sa aka yi ta yaɗa murhu mai tattali irin Mai Sauƙi a Nijar tun shekarun 1980. Akwai madafar da ba ta da taga, wadda mace za ta wuni a cikinta da goyo a baya. Akwai leda da robar da ake tayar da wuta da su a birane, da guntayen katakon da aka shafa wa fenti ko maganin gara, waɗanda hayaƙinsu dafi ne ko sun bushe ko ba su bushe ba. Waɗannan su ne suka cancanci hani kai tsaye. Iyakar abin da zan ƙara a kan ruɓaɓɓe shi ne, ƙurar fumfunarsa tana iya tayar wa mai ciwon asma, don haka a fere shi a waje, a ajiye shi a waje, kada a shigar da shi ɗakin kwana.

Hujja ta uku ita ce wahala ta fi riba, kuma a nan tambayata ita ce: wahalar wa, kuma ribar wa? Mutumin birni da ke sayen itace ɗauri-ɗauri a bakin titi yana da gaskiya idan ya ƙi mara nauyi, domin da girman ɗauri ake sayar masa, kuma kuɗinsa guda ne ko ɗaurin ya kai shi kwana biyu ko ya ƙare kafin tuwo ya nuna. Amma matar ƙauye da yaranta, waɗanda sukan yi tafiyar sa'o'i kafin su haɗa kaya guda, waɗanda idan itace ya yanke sai su koma ga kara da totuwar masara da kashin shanu, lissafinsu dabam ne. Gungumen da ke kwance a gefen gonarsu, ko da sulusinsa ya tafi, ya fi musu lafiyayyen da ke bayan tafiyar yini. Karan nan da kashin shanun kuwa, da aka bar su a gona, da taki suka zama. Ya zo a hadisi ingantacce cewa mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri a kan roƙon mutane, kuma ban ga dalilin da zai sa a ƙuntata wa mai wannan sana'a mai albarka abin da Allah ya yalwata masa a ƙasa ba.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne abin da malam bai lissafa ba sam, watau wanda zai biya kuɗin shawararsa. Tukunya ba ta jira. Idan aka hana ta mataccen itace, rayayye za a kayar mata. Binciken da malaman Jami'ar Bayero da abokan aikinsu suka wallafa a 1990 a kan itacen wuta na Kano ya nuna manoman kewayen birnin suna riƙon itatuwan gonakinsu da kyau, suna sassabe rassa ba tare da kashe uwa ba, amma bukatar birnin ta koma kan manyan motocin da ke jigilar itace daga dazuzzuka masu nisa ta kudu, kuma tun daga lokacin mutanen birnin ƙaruwa suke ta yi. Fari na 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawan gaske a Sahel, kuma matattun nan, da yawansu sun fara ruɓa a tsaye ko a kwance, su ne suka riƙe murhunan garuruwa shekaru. Da an bi shawarar malam a lokacin, da abin da fari ya bari gatari ya ƙarasa. Gwamnatin Nijar ma da ta kafa dokar kasuwannin itace na karkara a 1992, irin waɗanda aka yi a dajin Baban Rafi da ke kudancin Maraɗi, ta kasa su gida biyu, kuma ɗaya daga ciki mataccen itace kaɗai aka yarda a ɗiba a cikinsa. Tun kafin wannan, tarihin Damagaram ya kiyaye yadda sarakunanta na ƙarni na 19 suka tsananta hukunci a kan mai sare gawo, saboda sanin abin da gawo yake yi wa gero da dabbobi. Hukuma ta dā da ta yanzu sun haɗu a kan fifita ɗibar matacce a kan kisan rayayye, kuma ƙa'idar malamai ce cewa idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi.

Kada kuma a fahimce ni da cewa duk abin da ya mutu ko ya yi kama da matacce halal ne ga gatari, domin ni ma maganata tana da iyakoki, kuma ina so a riƙe su kamar yadda aka riƙe asalinta. Na farko, itacen da ya yi kogo amma yana fitar da ganye rayayye ne, yana iya ƙara shekaru masu yawa yana ba da inuwa da 'ya'ya, kogonsa kuma gidan zuma ne da tsuntsaye. Ba ya cikin abin da muke magana a kai. Na biyu, kututturen da samansa ya ruɓe sau da yawa saiwarsa tana raye, kuma a kan wannan ne aka gina sassaben zamani da ya faro a yankin Maraɗi a 1983, inda manoma suka riƙa barin tohon kututture suna zaɓar masu ƙarfi suna rage saura, har aka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar da hekta miliyan 5. Wanda ya tone kututture don wuta ya kashe itacen gobe, ya kuma toshe wa kansa rassan da zai riƙa samu kowace shekara. Na uku, wanda ya kai martabar ƙarshe haƙƙin ƙasa ne: a ja shi a shimfiɗa a kan fako tare da rassa, gara ta zo ta ci ta huda ƙasar, iska ta tara masa yashi da ganye, ruwan damina ya sami hanyar shiga. Na huɗu, mutumin da zai zagaye gindin rayayyen itace ya kwaɓe ɓawonsa, ko ya cinna masa wuta a ɓoye, don ya dawo baɗi ya ce matacce ya tarar, wannan ha'inci ne ga jama'a, kuma wajibi ne masu unguwanni da malaman daji su tsaya a kansa, don kada rangwame ya zama ƙofar ɓarna.

Akwai kuma hattara ta rai, wadda malam ya yi daidai da ya ambata ko da a taƙaice. Mataccen itacen da ke tsaye kuma cikinsa ya ruɓe ba ya faɗuwa inda mai sara ya nufa, yana iya karyewa tun sara bai kai rabi ba, ko reshe ya ɓalle daga sama, don haka ba aikin yaro ba ne kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Gungumen da ya daɗe a kwance kuwa maɓoyar kunama ce da maciji, musamman kububuwa, wadda asibitin Kaltungo a Jihar Gwambe ya shahara da jinyar waɗanda ta sara. A juya shi da sanda tukuna, kada a cusa hannu ƙarƙashinsa, kuma a sa takalmi. Amma haɗarin da ake iya kauce masa da lura ba ya haramta sana'a, in ba haka ba da noma ma an bar shi, tun da macijin da ke ƙarƙashin gungume shi ne ke cikin kunyar gona.

Saura mas'alar ciniki, kuma a nan ne nake ganin damuwar malam ta samo asali, domin akwai masu ɗaura itace su sa lafiyayye a waje su cusa ruɓaɓɓe a tsakiya, mai saye bai sani ba sai ya kwance a gida. Wannan algus ne, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi hani mai tsanani ga mai sayar da abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama. Malamai kuma sun ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya tarar da aibin da aka ɓoye masa. Gyaran wannan shi ne a ware, a kasa mai nauyi dabam da kuɗinsa, mara nauyi dabam da nasa rangwamen, mai ƙosai da mai shayi da mai gidan burodi kowa ya ɗauki wanda ya dace da wutarsa da aljihunsa. Idan aka yi haka, talakan birni ya sami itace mai araha, mai faskare ya sayar da abin da da zai bari a daji, amana kuma ta tsaya tsakaninsu.

Saboda haka ina roƙon malam, don girman Allah da kuma darajar alƙalaminsa, ya sake duban mas'alar ya ba mutane hukuncin da tafsilinsa: abin da ya amsa gatari a faskara shi, abin da bayansa ya yi laushi a fere shi a ɗauki zuciyarsa, dukansu a shanya su su bushe kafin su ga murhu, abin da ya marmashe a bar wa gona, mai ganye da kututture mai toho kuma a ɗauke musu hannu. Allah ya hore mana itatuwa amana, ya hana mu almubazzaranci, kuma barin abin da zai dafa abinci ya lalace a ƙasa alhali ana kayar da mai rai don a cike gurbinsa yana daga cikin almubazzarancin da ba a cika lura da shi ba. Idan malam yana da hujjar da ta rushe abin da na kawo, shafin nan a buɗe yake, kuma masu karatu za su amfana da jin ta. Allah shi ne mafi sani, shi muke roƙo ya datar da mu ga daidai.